Ranar da Na Mutu da Sunan Tanimu Mai Kaji

Da sunan Allah nake farawa, Mai rayawa, Mai kashewa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ba kowa ƙafar takawa, ya raba wa bayinsa hankali, da aka zo kaina kuma ya ba ni baki.

Ni ne Shekarau ɗan Arzika, mutumin Gulbin Kuka. Karatuna bai wuce izu biyu ba, shi ma rabinsa a guje na yi shi. Amma ku je ku tambaya. Ni na watsa kasuwar Laraba da rana tsaka da kukan kura. Ni na yi kukan jariri a bayan ɗakin alƙali har matarsa ta yi yaji. Duk abin da ke da murya a duniyar nan, in na ji shi sau ɗaya, ya zama nawa. Shekara arba'in da uku ina wasa da mutane, ba wanda ya taɓa riƙe ko gefen rigata. Wanda zai kama ni ba a haife shi ba, uwarsa ma ba a yaye ta ba.

Wannan kirarin nake yi wa kaina ranar da na sauka ƙasar Tambawila. Bayan shekara biyu, ga ni a guje cikin fadamar shinkafa, takalmi ɗaya a ƙafa, ina tsere wa wata tsohuwa wadda ko kafaɗata ba ta kai ba.

Ga yadda abin ya faru.

Tambawila tana bayan teku uku. Wani ɗan wasa na yi wa wani hakimi wanda bai iya dariya ba, na ɓuya a jirgin masu kayan yaji, jirgi kuwa bai tsaya ba sai da na manta ɗanɗanon tuwo. Ƙasa ce ta ruwa. Ruwan sama da ɗumi yake sauka kamar an sauke shi daga murhu, gidaje a kan dogayen ƙafafu suke tsaye kamar zalɓe, ɓauna kuwa can ita ke jan garma ba musu. Mutanenta suna bin koyarwar wani malami na zamanin da, wanda suke kira Buda. Sufayensu aske kai suke yi ƙwal, su yafa mayafi ruwan goro, su yi tafiya ba takalmi.

Na zauna a wani gari na bakin Kogin Mayung. A kasuwa na koyi harshensu, ina yi musu kukan tsuntsaye suna ba ni abinci. Baƙo Mai Baki Goma suke ce mini. Sunana na yanka ban gaya wa kowa ba, don tun ina ƙarami Innata ta ja mini kunne: sunan da aka zubar wa jinin rago ba a miƙa wa baƙin ido, da shi ake yi wa mutum kiranye.

A garin akwai mai fito, sunansa Sompa, ƙaton mutum mai dariya kamar ganga. Kullum kyauta yake ƙetarar da ni, in dai zan yi masa kukan agwagwa. Wata rana ya ce mini, "Baƙo, ni fa tun da aka haife ni ban taɓa firgita ba." Na ce, "Haka ne?" Ya ce, "Haka ne." To, ni ba a gaya mini irin wannan magana.

Ranar kasuwa da hantsi na lallaɓa na shige ƙarƙashin tarin kwanduna a gindin jirgi. Jirgi ya cika maƙil. Da muka kai tsakiya, inda ruwa ke juyawa kamar ana tuƙa shi, na cika ƙirji na saki gurnanin damisa. Wallahi ban taɓa yin mai kyau irinsa ba. Abin da nake so kawai in ga Sompa ya saki gorar tuƙi ya ce wayyo.

Sompa bai saki gora ba. Mutanen jirgin ne suka ruga gefe guda, jirgi ya kife.

Mutum bakwai Sompa ya fitar. Ya koma na takwas, wata mace mai ciki, ya tura ta har ta kama bakin jirgi. Shi bai taso ba. Washegari aka same shi cikin bado. Ni kuwa da kwando a kaina na fito daga ruwa, kowa ya gan ni, kowa kuma ya san bakin da ya yi gurnanin.

Dokar Tambawila a kan wannan gajera ce. Wanda ya yi sanadin mutuwar mai fito, shi zai gaji gorarsa. A sa masa mari a ƙafa, a ɗaure sarƙar a jikin jirgi, ya yi ta kai mutane yana dawo da su har ranar da za a kwance gawarsa. Ba dogari, ba kurkuku. Mai jini shi ke bin mai laifi, shi da maƙerin gari, sauran jama'a ba mai sa hannu. Sompa kuwa ba shi da kowa sai uwarsa, Ma Duwan, 'yar tsohuwa mai sayar da busasshen kifi.

Na ce tsohuwa ce, kwana biyu za ta gaji. Na gudu.

Da na waiga daga kan tudu na farko, na hango ta. Baƙar laima a hannu, tana tafe a hankali kamar mai zuwa barka. A bayanta ga Kampo maƙeri, mari a kafaɗa, yana ƙara kacau, kacau. Ba ta gudu, ba ta ihu, ba ta zagi. Da zagi take yi, da na samu sauƙi. In na yi gudun yini guda na faɗi, kafin numfashina ya dawo sai in ji kacau daga nesa.

Rana ta huɗu na shiga Dajin Ƙararrawa. A ƙasar, duk wanda ya mutu sai a rataya masa 'yar ƙararrawa a wannan daji. Dubbai ne, a kowane reshe, wasu sun yi tsatsa, wasu ƙwai ma tsuntsu ya yi a ciki. Iska ba ta kaɗa su. Ƙararrawa ba ta motsi sai wanda ke da hannu a mutuwar mai ita ya gitta. Na ratsa rabin daji shiru, har na fara cewa tatsuniya ce. Sai wata sabuwa fil, tana ƙyalli, ta fara kaɗawa a saman kaina. Na yi dama, ta ƙara ƙarfi. Na yi hagu, ta ƙara. Duk dajin ya san inda nake.

Na hau bishiyar, na cire hulata na cusa mata a baki. Ta yi shiru. Na sauko ina cewa, ka ga aikin masu wayo. Ban yi taku goma ba na ji ta kuma, a cikin kunnena wannan karon, inda hula ba ta kaiwa.

Rana ta tara yunwa ta fara yi mini magana da muryar mutane. Na iso wani gari da sassafe, na tarar da mayafin wani sufi a shanye a kan dutse, mai shi yana wanka a rafi. Na san abu guda: wanda ke cikin wannan mayafi ba a taɓa shi, ko sarki ne ke nemansa. Na ɗauke, na aske kaina da fasasshen kasko har jini, na ɗauki tasarsa, na bi bayan layin sufaye masu fita karɓar abinci.

Mutane sun durƙusa a bakin hanya, kowa da tukunyar shinkafa. Sufi ya zo, ya buɗe tasa, a zuba masa, ya wuce. Ba ya kallon mai bayarwa, ba ya cewa uffan, don a wurinsu mai bayarwa shi ne ya samu, shi ne ma ke godiya. Na ga wannan da idona. Na ce wa bakina, kai, yau ka yi mini rai.

Gida na farko na daure. Na biyu na daure. A na uku wani siririn hannu ya zuba mini shinkafa mai zafi, ya ɗora busasshen kifi a kai. Ƙamshi ya buge ni, tarbiyyar Innata ta taso daga inda take kwance.

Na ce, "Na gode, Allah ya ƙara arziki, ya raya zuri'a."

Layi ya tsaya cak. Kawuna ashirin masu ƙyalli suka juyo. Na ɗaga ido, ga Ma Duwan a durƙushe, laimarta a gefe.

Ta ce, "Zuri'ar tana cikin kogi."

Na ce, "Inna, kin ga dai mayafin da ke jikina."

"Na gani. Mai shi yana can cikin rafi, ruwa iya wuya, yana jira. Ci abincinka, Baƙo. Ba na so ka mutu a hanya."

Kampo maƙeri ya leƙo daga bayanta ya ce, "Abokina, ka tausaya mini mana. Ƙarfen nan nauyi gare shi. In ka karɓa, kai ka huta, ni na huta."

Na jefar da tasa na zura da gudu. Kifin dai ban jefar ba, Allah ya yafe mini. Mayafin na rataye a kan wata ƙaya bayan gari, don ko ni na san akwai iyaka.

Daga nan sai fadama, kwana biyar, matsattsaku suna sha ina tafiya. Na daina kwaikwayon komai. Na gwada kukan agwagwa sau ɗaya don in ji ko ina nan, abin da ya fito ya sa na rufe baki. Na fara tunanin in tsaya. Sai in tuna sarƙa, in ga kaina da furfura a tsakiyar kogi, gaɓa nan, gaɓa can, ba Gulbin Kuka har abada, ba mai binne ni ta fuskar gabas. Sai in tashi in ci gaba.

A ƙarshen fadamar wata mai taliya ta tsince ni a gindin rumfarta. Ta ba ni romo, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne na tsohuwa mai laima?"

"Har nan labari ya zo?"

"Ya riga ka da kwana biyu. Me ya hana ka ka je ka mutu?"

Na ce, "Baiwar Allah, romonki na sha, ban zage ki ba."

Ta yi dariya, ta nuna wani dutse da kansa ya shige gajimare. Ta ce a can akwai Haikalin Akwati Tara. Wanda duniya ta yi wa nauyi yakan hau, ya kwanta cikin akwatin gawa, sufaye su yi masa karatun matattu, su ƙone sunansa, sannan su tashe shi da sabon suna. Wanda ya tashi, jariri ne. Duk abin da tsohon ya aikata ya bi shi kabari, ko mai jini ba ya bin jariri. Ta ce, "Mijina sau ɗaya ya hau, saboda giya. Wanda ya sauko ya fi wanda ya hau, sai dai shi ma ba ya wanke kwano."

Ban tsaya jin sauran ba.

Matakala dubu ce. A ta ɗari shida birai suka ƙwace takalmina ɗayan da ya rage. A ta ƙarshe da rarrafe na kai. Fili ne shararre, ga wani babban ɗaki mai jan rufi, ga akwatuna tara jere a ƙarƙashin rumfa, farare, bakinsu a buɗe. Mu makara muka sani da likkafani. Ban taɓa ganin abin da ya yi kama da jira irin akwatunan nan ba.

Babban sufin wurin, Baba Sumeta, tsoho ne mai haƙori biyu, yana shara da kansa. Ya jingina tsintsiya ya ce, "Me ka kawo mana ya mutu?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai duka?"

"Iya wanda ake nema."

Ya yi dariya har haƙoran biyu suka fito. Ya leƙa ƙasa ya ce, "Tsohuwar da ke matakala ta ɗari uku, taka ce?"

"Ba ni da alaƙa da ita."

"To, ita tana da alaƙa da kai. Kada ka damu, a filin nan ba a sa wa kowa mari sai an gama. Gobe da hantsi ne."

Na ce, "Baba, gaskiya biyu zan gaya maka. Ta farko, ni Musulmi ne, ba na sunkuya wa kowa sai Allah."

"Ba wanda ya ce ka sunkuya. Kwanciya ce. Kwanciya ta haramta a wurinku?"

"A'a. Ta biyu, ba da gaske ake mutuwar ba ko?"

"Ba mu taɓa rasa kowa ba," in ji shi. "Amma ka ji sharaɗi. Sau ɗaya mutum ke kwanciya a nan, ba a maimaitawa. Akwati kuma ba ya tambaya, abin da ka sa a ciki shi ke mutuwa." Ya ɗauko busasshen ganyen giginya da tsinken rubutu. "Faɗi sunan da uwarka ta kira ka da shi. Shi za mu ƙone."

Sunana? Wanda aka raɗa mini a kunne ranar bakwai, aka yanka rago, aka raba goro? In miƙa shi a rubuta, a yi masa karatun matattu, a jefa a wuta ina kallo? Wannan ai ya fi kiranye. Kwana goma sha biyar ina gudu, ban ji tsoro irin na wannan lokacin ba. Sai wayona, wanda ya yi kwanaki yana barci, ya buɗe ido ɗaya. Wa ya san sunana a ƙasar nan? Ba kowa. In ba su wani, su ƙone, in tashi jariri, nawa yana aljihu.

Na tuna maƙwabcina a gida, mutum mai tsamin rai wanda bai taɓa yi wa wasana dariya ba ko sau ɗaya.

Na ce, "Tanimu Mai Kaji."

Baba Sumeta ya dube ni ɗan lokaci. Ya rubuta.

Washegari fili ya cika da jama'a, ɗaruruwa, don a wurinsu ranar suna ce da jana'iza a haɗe. Mu tara ne. Akwai wata mata da 'ya'yanta ba sa zama, akwai wani tsohon soja da hannunsa ke rawa, akwai wasu da ban san damuwarsu ba amma tana rubuce a wuyansu. Aka sa mana fararen kaya. Can bakin fili na hango Kampo zaune a kan marinsa yana fifita da ganye. Tsohuwar ban gan ta ba. Na ce wataƙila matakala ta gama da ita, na kuma ji kunyar daɗin da na ji.

Aka kwantar da mu, kai yamma. Aka haɗa mini tafin hannu a ƙirji, aka sa furen bado da turaren tsinke a tsakani, aka ɗaure da farin zare. Bakin zaren ana fitar da shi waje ne, wani ɗan'uwa ya durƙusa a wajen kanka ya riƙe, don kada ka yi nisa. Na ce ba ni da kowa. Wani sufi ya ce, "Kwanta. Ba a taɓa rasa mai riƙewa ba." Sannan suka ja farin ƙyalle daga ƙafata har ya rufe fuskata.

Jama'a, kada ku yarda da wanda ya ce muku wasa ne.

Katako ya matse kafaɗuna. Ƙyalle yana hawa yana sauka a kan hancina. Sufaye suka fara karatu, murya can ƙasa kamar ƙudan zuma a cikin kogon bishiya, ba hawa ba sauka, har na daina gane inda jikina ya ƙare da inda katako ya fara. Ƙararrawar da ke kunnena ta yi shiru, karo na farko tun daji, shirun kuwa ya fi ƙarar muni. Aka fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, bayan kowanne sai in ji ƙaurin ganye a wuta, in ji kukan dangi.

Sai muryar Baba Sumeta: "Tanimu Mai Kaji ya rasu. Abin da ya ɗauka ya sauke."

Na so in yi murmushi. Maimakon haka sai na ga Tanimu. Na gan shi sarai, zaune a ƙofar gidansa a kan buhu, yana watsa wa kaji tsaba, yana ƙunƙuni. Na ga 'ya'yansa mata uku. Na gan shi ya dafe ƙirji, ya karkata, tsaba ta zube, kaji suna ci a kan rigarsa. Mutumin da bai yi mini komai ba sai ƙin dariya.

Na ce wa kaina, kai, ai sun ce ba a mutuwa da gaske. Sai wata murya ta ce, Sompa ma ai ba da gaske ka yi damisar ba.

Ƙaurin ganyen ya shigo ƙarƙashin ƙyalle. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na ce a hankali, "Ya Allah, kai ka san komai, amma bari in faɗa. Kada a taɓa Tanimu. Ba ruwansa, yana can yana kiwon kajinsa. Wanda ke cikin akwatin nan Shekarau ne, Shekarau ɗan Arzika na Gulbin Kuka. Ni na yi gurnanin. In akwai abin da aka aiko, to ba gidan Tanimu ba ne." Sannan na ƙara da cewa, "Ni ma in da hali a ɗaga mini ƙafa."

Sannan wani tunani ya zo mini, irin na mai izu biyu. Na ce, nan fa bayan teku uku ne. In wanda aka wakilta ɗaukar rai a wannan yanki ba ya jin Hausa fa? Sai na sake maimaitawa kaf da harshen Tambawila, dalla-dalla, sunan ma sau biyu, don kada a samu kuskure.

Na ji zaren hannuna ya ɗan motsa. Na ce iska ce.

Karatu ya sauya, ya yi sama, ya yi haske. Aka ɗaga akwatuna aka juya mu, kai gabas. Aka ja ƙyalle daga fuska zuwa ƙafa, rana ta faɗo mini a ido, aka yayyafa mana ruwa mai sanyi. Muka tashi tsaye cikin akwatunan, hannu a ɗaure. Tsohon sojan nan yana kuka kamar yaro, hannunsa kuwa ya daina rawa, wannan da idona na gani. Baba Sumeta ya bi mu ɗaya ɗaya yana ba da suna. Ni ya ce mini Sukito.

Saura gwaji na ƙarshe. Jama'a duka za su kira tsohon sunan mutum sau uku. In bai amsa ba, ya tabbata mataccen ya tafi. Masu gaskiya wahala suke sha a nan. Matar nan sai da ta ciji leɓe har jini.

Aka zo kaina. Ɗaruruwan bakuna suka ce, "Tanimu Mai Kaji!"

Ko gezau.

"Tanimu Mai Kaji!"

Na dubi sama kamar mai lissafin gajimare.

"Tanimu Mai Kaji!"

Shiru. Kampo ya tashi, ya dubi marinsa, ya dubi matakala dubu da zai sauka da shi, ya yi tsaki. Ni kuwa ƙafafuna har sun fara rawar murna da kansu. Na ga jirgi, na ga teku uku, na ga tuwon dawa da miyar kuka. Na ce a raina, Shekarau, uwar mai kama ka har yanzu tana shan nono.

Baba Sumeta ya ce, "Masu riƙe da zare, kowa ya kwance wa jaririnsa hannu."

Na juya ina murmushi, in ga wane bawan Allah ne ya taimaki baƙo.

Ma Duwan ce. Gwiwoyinta duk ƙurar matakala. Ba ta dube ni ba. Ta kama hannuwana ta fara warware zaren a hankali, zagaye ɗaya, zagaye biyu, kanta a sunkuye. Na ce a raina, ba komai, an riga an gama, ko ita ba ta bin jariri. Ta cire furen ta ajiye. Sannan, ba da ƙarfi ba, da irin muryar da uwa ke kiran ɗanta in abinci ya sauka, muryar da rabona da jin ta tun kafin in ƙetare teku, ta ce:

"Shekarau."

"Na'am, Inna."

Amsar ta fita. Har da ɗan rusunawa.

Na kai hannu baki, amma filin nan ya yi tsit, har na bayan baya sun ji. Ba sa jin Hausa, amma ba ƙasar da ba a gane amsa kira.

Baba Sumeta ya matso. "Me kika kira shi, Ma Duwan?"

"Sunansa. Shi ya faɗa a cikin akwati. Da harshe biyu, wai don kada a samu kuskure."

Wani ya tuntsire da dariya a baya. Ta bazu kamar wuta a busasshiyar ciyawa, har ƙananan sufaye suna rufe baki da mayafi. Shekara arba'in da biyar ina sa taro dariya, ban taɓa sanin haka take a wannan gefen ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙasarmu haka jarirai ke kuka. Na'am, na'am. Ka tambayi kowa."

"Tanimu kuwa wane ne?"

Na dubi ƙasa. "Mai kaji ne."

"To, ya yi sa'a. Ya samu sabuwar haihuwa yana zaune a gidansa." Ya juya ga jama'a. "Mutum takwas suka mutu yau, da mai kaji guda. Wannan da ransa ya shiga, da ransa ya fito."

Na faɗi a gabansa na kama ƙafarsa. "Baba, a sake! Ga akwatin nan a buɗe. Yanzu zan ba da na gaskiya, har da na kakana!"

"Sau ɗaya ne, ɗana. Na gaya maka jiya."

Na juya wurin tsohuwar. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba a filin nan. Na ce, "Inna, kin ji dai da kunnenki. Ban so wani ya mutu ba."

Ta ce, "Na ji ka roƙa wa mai kajin." Ta naɗe zaren a yatsanta. "Ɗana ba wanda ya roƙa masa."

Ni, Mai Baki Goma, na laluba duka goman, ba ko ɗaya.

Kampo ya iso, ya sauke marin a gabana, ya miƙe bayansa har ya yi ƙara. Ya durƙusa, ya fito da guduma.

"Sannu, abokina. Wace ƙafa?"

Ma Duwan ta ce, "Hagu. Da ta dama ake tokare jirgi."

Ɗaruruwan idanu suna kaina. Na ɗaga farin wandon da aka sa mini na haihuwa, na miƙa ta hagu.

Nan ƙafata ta tsaya, nan kuma hikayar ta tsaya.